Kurangar Inabi da Tukunyar Giya a Tarihin Ƙasar Kano: Waiwaye daga Toranke

Gabatarwa

Wanda ya bi tarihin biranen da ke gaɓar Bahar Rum, ko na ƙarshen kudancin Afirka, zai tarar kusan kowane babban birni yana da karkarar da ke shayar da shi. A Kef Tawun an fara matse inabi a 1659, sa'an nan a 1685 gwamna Simon van der Stel ya kafa gonar Konstanshiya a bayan gari, wadda har yanzu mutanen birni da baƙi suke fita su kai mata ziyara. Tilimsan ta Aljeriya, garin Shaihu Magili, ita ma tuddan da ke kewaye da ita sun yi suna da inabi. Kano kuwa, wadda Barth ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30 a 1851, suna ninkawa in fatake sun sauka, ba ta taɓa samun irin wannan karkara ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bincika dalili.

Mun zaɓi mu tsaya a Toranke, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi ta tsohuwar ƙasar Gaya, mu hango al'amarin daga can. Ba don an san Toranke da inabi ba ne. Dalili shi ne ƙasar Gaya tana cikin mafiya daɗewar matsugunai a Kano, domin daga nan ne ake cewa Abagayawa maƙera suka taso suka nufi Dala neman tama, kuma ta nan hanyar Barno ta bi. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Agalfati ɗan Sarkin Macina, wanda ya zama Sarkin Gaya, a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463. Ƙasar da ta ga fatake na ɗaruruwan shekaru, in da wani baƙon itace da zai kama ƙasa ya zauna, ai a nan ya kamata a neme shi.

Jimla ɗaya ta Clapperton

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce addini, kuma masu bayar da ita suna da hujja guda. Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a kan hanyarsa ta komowa ya biya ta Katsina cikin watan Mayu. A littafin tafiyarsu da Denham, wanda aka buga a 1826, ya lissafa 'ya'yan itatuwan da ya gani a Katsina, watau ɓaure da kankana da rumman da lemon tsami, sa'an nan ya ƙara da cewa an gaya masa a da akwai inabi da yawa, amma an sare kurangun lokacin da masu jihadi suka ci garin. Ke nan, shekara 17 bayan faɗuwar Katsina a 1807.

Wannan magana ta cancanci a tsaya a kanta, don nauyin da ake ɗora mata ya fi ƙarfinta. Da farko dai Clapperton bai ga kuranga ko ɗaya ba, bai ga kututturenta ba. Ji ya yi. Kuma mutanen da ya fi zama da su a Kano da Katsina Larabawa ne 'yan kasuwa na Gadamas da Fazzan da Turabulus, waɗanda ya iya magana da su kai tsaye. Su ne mutanen da suka fi kowa asara da durƙushewar kasuwar Katsina, su ne kuma, a ganinmu, masu lambunan da ake magana. Jerin itatuwan da kansa ya nuna haka: ɓauren lambu da rumman da inabi kayan garkar Balaraben arewa ne, kuma sunayen rumman da inabi duka daga Larabci Hausa ta aro su. Saboda haka abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, a ƙarni na 18, lokacin da Katsina take kan ganiyarta, an yi inabi a wasu lambuna na cikin ganuwa, kuma kafin 1824 ya ɓace. Yawansa, da abin da ake yi da shi, da hannun da ya kashe shi, duk waɗannan jimlar ba ta isa ta yanke hukunci a kansu ba.

Ba mu ce sarewa ba ta yiwuwa. An taɓa yin haka a duniyar Musulmi: Alhakim, halifan Faɗimawa da ya mulki Masar daga 996 zuwa 1021, ya sa an lalata gonakin inabi, ya hana cinikin zabibi, don toshe kafar giya. Sai dai malaman tarihi na Musulmi sun lissafa wannan aiki ne cikin abubuwan mamaki na mulkinsa, ba cikin abin koyi ba. Shugabannin jihadin Sakkwato kuwa malaman fiƙihun Malikiyya ne, kuma littattafan da suka karantar, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, waɗanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano, sun ɗauki inabi a matsayin dukiya ta halal. Akwai zakka a kansa in ya kai nisabi na wusƙi 5. Shi da dabino ne ake kintacen yawansu tun suna bisa itace, a fitar da zakkar daga busasshensu. Abin da aka hana shi ne a sayar wa wanda aka san zai matse ya yi abin maye. Malamin da ya karantar da babin zakkar inabi da safe, da wuya ya ba da fatawar sare shi da yamma, sai fa in ya tabbata matsewa ake yi.

Akwai bayanin da ya fi sauƙi, wanda duk manomin rani zai gane. Inabi ba kuka ba ne, ba kuma tsamiya ba, da za a bar su su rayu da kansu. Yana son rumfar da zai hau, yana son a yi masa aski a kan kari, yana son ban ruwa da jigo tun daga ɗaukewar damina har faɗuwar wata, ga gara kullum tana jiran sa. Ruwan sama mai yawa a lokacin nuna yakan ruɓar da 'ya'yan, don haka a ƙasarmu sai an sarrafa shi ya yi 'ya'ya da hunturu. Garin da aka yi wa ƙawanya, masu lambu suka gudu, bayin da ke jan ruwa suka watse, rani biyu ya isa ya kashe kowace kuranga ba tare da an ɗaga gatari ba. Bayan 1807 kuma Katsina ba ta huta ba, don Haɓen da suka kafa Maraɗi sun yi ta kai mata hari shekara da shekaru, har Larabawan suka kwashe kasuwarsu suka koma Kano. Barth da ya shiga Katsina a Janairu 1851 ya tarar da ganuwa mai faɗi da mutane kaɗan a ciki. In ma an sare wasu kurangu a ranar da aka ci garin, rashin mai sake dasawa ne ya hana su komowa.

Abin da baitulmali ya sani

To, da Larabawan suka koma Kano, sun tafi da inabin? A nan Barth yana da amfani ta wata hanya. Ya lissafa kuɗaɗen shiga na Sarkin Kano a 1851: kuɗin ƙasa, da kuɗin karofi wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, da kuɗin dabino wuri 600 a kan kowane itace a shekara, da kuɗin rafi a kan kayan lambu. Babu kuɗin inabi. Mun san hujjar shiru hujja ce mai rauni, amma hukumar da ta iya ƙidaya itatuwan dabino ɗaya bayan ɗaya, ba za ta manta da gonar inabi ba in da akwai ta da yawan da zai kawo kuɗi.

Kuma ba wai sarakunan Kano ba su san daɗin fita karkara ba ne. Suna da gidajen hutu da gandaye a Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa da Takai, a Fanisau ma Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo, kuma hawan Fanisau da hawan Ɗorayi ragowar wannan al'ada ce. Amma abin da ake nomawa a gandayen nan hatsi ne na ciyar da fada da dawaki. Ƙasa irin ta Toranke, jigawa ce ta gero da dawa da wake, daga baya gyaɗa, mai nisan kwana biyu ko uku daga kasuwar Kurmi a tafiyar jaki. Ɗanyen inabi ba ya jure wannan tafiya a cikin mangala. Abin da ya sa inabi ya zama arziki a karkarar Turai shi ne matsewa, domin ruwan da aka matse yana ajiyuwa shekaru, yana ɗaukuwa zuwa nesa, har kuɗinsa na ƙaruwa da tsufa. In aka cire matsewa, saura zabibi, shi kuma dabinon Azbin da na Fazzan sun riga sun tare masa kasuwa. A nan ne, a ganinmu, addini ya yi aikinsa na gaskiya: bai hana shuka ba, ya dai rufe hanya ɗaya tak da za ta sa shukar ta biya wahalarta a wuri mai nisa da birni.

Abin da karkara ta dafa

Kada a ɗauka rashin inabi yana nufin ƙasar Kano ba ta san abin maye ba. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga Hausarsa a Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya lissafa manyan mutanen Dala na zamanin Barbushe kowa da sana'arsa. Gijigiji maƙeri ne, Hamburki mai magani, Maguji mai haƙar tama da narka ta, Bugazau kuwa mai dafa giya. Abin lura shi ne marubucin, wanda Musulmi ne, bai ɓoye wannan ba, ya sa mai giya a sahu ɗaya da maƙeri, watau sana'a ce mai muƙami a tsarin garin. Wasiƙar da Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa wajen 1492 ta sa shan giya a fili cikin abubuwan da ya wajaba sarki ya hana, kuma ba a hana abin da babu shi. Bayan shekara fiye da 300 Shehu Usmanu ya kawo wannan wasiƙa cikin Tanbihul Ihwan, a Kitabul Farƙi kuma ya zargi sarakunan Haɓe da cin abin da suka so da shan abin da suka so ba tare da duban halal ko haram ba.

Giyar da ake magana ta hatsi ce. Akan jiƙa dawa ko gero, a shanya a rufe har ya tsira, a busar, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, a sake dafawa, a bar shi ya tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda, kuma yawanci aikin mata ne. Tsirar da hatsin ita ce sirrin, don ita ke mai da garin ya yi zaƙi, sai zaƙin ya zama maye, alhali inabi da zaƙinsa yake zuwa. Amma babban bambancin shi ne giyar hatsi ba ta kwana da yawa. Bayan kwana biyu ko uku ta yi tsami ta lalace. Saboda haka ba ta taɓa zama hajar fatauci ba, ba ta da rumbu, ba ta da dillali a birni. Inda aka dafa ta nan ake shanye ta, a ranar gayya, ko biki, ko makoki, ko wajen tsafi. Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya nuna yadda giya take shiga hidimar iskoki da zumuncin dangi, Barkow kuma a shekarun 1970 ya nuna cewa a cikin Maguzawa dafa ta hanyar samun kuɗi ce ta mata. Daular Sakkwato ta bar Maguzawa da al'adarsu bisa biyan jiziya. Abin da ya janye tukunyar giya daga karkara ba takobi ba ne, musulunta ce ta sannu a hankali, gida bayan gida, wadda ta ƙara sauri a ƙarni na 20.

Akwai kuma wani ɓangare da masana tarihi suka yi wa riƙon sakainar kashi, watau abin sha na 'ya'yan itatuwan gona. Manomin gabashin Kano ba ya share gonarsa ƙwal. Yakan bar ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya da danya da faru, kowanne da mai shi, kowanne da lokacinsa. Ɗinya ake dafawa a yi maɗi, a ƙara dafawa a yi alewa. Faru kuwa 'ya'yansa nono-nono suke fitowa, har Turawa suka kira shi inabin Afirka, ko da yake ba dangin inabi ba ne. Dangin inabi na haƙiƙa a dajinmu su ne irin dafara da rogon daji. Likita Dalziel ya tattara sunayen waɗannan duka a ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa na 1916. Danya ita ce itacen da a Afirka ta Kudu ake kira marula, wadda daga 'ya'yanta ake yin barasar Amarula da ake sayarwa a duniya. Ga itacen nan a gonakinmu, yara na shan nunu suna yar da ƙwallo. Wannan ya nuna kayan yin ruwan maye na 'ya'yan itace ba su taɓa yin ƙaranci ba a nan. Mutanen ne suka zaɓi su tsayar da abin a matakin zaƙi, su dafa shi maɗi kafin ya tashi. Wannan zaɓi na matan karkara, mu a wurinmu, ya fi jimlar Clapperton bayyana tarihin abin sha a ƙasar Hausa.

Zamanin Turawa da bayansa

Ba za mu daɗe a nan ba, don an yi rubutu da yawa. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta ba Turawa damar hana shigo da barasa yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, Lugga kuma ya sa Arewa cikin wannan yanki, abin da ya yi wa sarakuna daɗi ya kuma rage masa rigima. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, kwalba ta sami ƙofa. Dokar barasa ta 1917 ta raba Nijeriya yankuna, na hani da na lasin, amma Bature da baƙon ma'aikaci suna iya samun izni. Sashe na 403 na dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya mai da shan barasa laifi ga Musulmi kaɗai. Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, ta hana sayar da barasa a 2004. A duk tsawon wannan zamani ba a sami Baturen da ya yi wa Arewa abin da Faransawa suka yi wa Aljeriya ba. Can, da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Faransa daga shekarun 1860, sai aka mai da ƙasar Musulmi gonar giya, har kafin 'yancin 1962 Aljeriya ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da ita, sa'an nan gwamnatin Bumadyan ta shiga tumɓuke kurangu a farkon shekarun 1970. Mu gyaɗa da auduga aka ɗora mana.

Dawowar inabi

Abin sha'awa shi ne inabi ya komo ƙasar Hausa, kuma ta ƙofar da fiƙihu ya bari a buɗe. A ƙasar Kudan, arewa da Zariya, manoma Musulmi sun kafa rumfunan inabi na ci, suna tsinka da rani suna kai wa birane, yana gogayya da wanda ake shigowa da shi daga Masar da Afirka ta Kudu. Ba wani hukunci da ya sauya tsakanin 1807 da yau. Abin da ya sauya shi ne rijiyar burtsatse da injin ban ruwa sun maye jigo, maganin feshi ya rage ɓarnar gara da ruɓa, mota kuma ta mai da tafiyar kwana uku ta zama ta sa'o'i biyu, har ɗanyen inabi zai iya isa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano bai faɗi ba. Watau abubuwan nan da muka ce su ne suka kashe lambunan Katsina, da aka warware su sai itacen ya tsaya.

Ga ƙasar Gaya da Ajingi tambayar ta ruwa ce. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yake cika yana ja, gonakin ban ruwa na gwamnati kuma a Kadawa da Kura aka kafa su. Manomin jigawar Toranke da ke son inabi sai ya haƙa rijiyarsa, ya sayi ƙarfe da waya na rumfa, ya kuma iya jiran shekara biyu kafin ya ga ko kwabo, a wurin da matasa da yawa ke tafiya cin rani da zarar an gama girbi. Wannan jari ne na mai hali. Ɗinya da faru da kanya kuwa suna nan a gonarsa ba su nemi ko guga ɗaya ba, sai dai yawancinsu tsofaffi ne, masu itacen girki da masu gawayi suna bin su, awaki na cinye 'yan tsiron da za su gaje su.